Ina Mai Shagon?

Shekara talatin da ɗaya ina yanka maɗaci a kasuwar Katako,
sunana bai taɓa wuce Gangare ba.
In ya yi nisa ya leƙa Farin Gada,
ya dawo da yamma kamar akuyar da ta san gida.

Sai Barira, 'yar ƙanwata, ta gama jami'a,
ta zauna kan buhun garin katako, ta ce:
"Kawu, aikinka bebe ne.
Kasuwa ta tashi, ta koma tafin hannu.
Wanda ba a gani a waya,
ko yana numfashi an yi masa sadakar uku."

Ta sa ni babbar rigar salla ranar Talata tsaka,
ta goge min gumi,
ta ce in ɓoye hannun hagu a aljihu,
ta kunna wata fitila zagayayya kamar bakin rijiya.
Ta ce in yi murmushi. Na yi.
Ta ce ba irin wannan ba.
Sau goma sha ɗaya na yi wa gilashi sallama
har sallamar ta yi tsami a bakina.

Ta raɗa min suna ba rago, ba goro:
Ubale Sarkin Itace.
Ta shafa wa hoton abin da ban sani ba,
tabon goshina ya tafi, furfura ta ba da baya,
na fito sumul kamar mai neman kujera,
ni da kujera ce ke nema na.
Uwani ta duba, ta ajiye ludayi, ta ce,
"Wannan in ya zo da magana, zan saurara."

Mabiya ɗari. Dubu. Dubu bakwai.
Da dare, in sanyin Jos ya kutso ta ƙasan ƙofa,
ina ƙirga jajayen zukata cikin bargo,
jajur kamar tumatirin Farin Gada,
ko ɗaya bai faɗa miya ba.
"Nawa?" "Nawa ne?" "Allah ya ƙara basira."
Sai shiru.

Wata Asabar wani ya taso tun daga Gwarimpa,
ya tsaya gabana, ina cikin singileti,
gemu duk ƙurar zarto,
ya ce, "Baba, ina mai shagon?"
Ya miƙo waya. Na kalli mutumin da ke ciki,
shi ma ya kalle ni, da murmushin nan na sha ɗaya.
Na ce, "Ya fita. Ni ke masa aiki."

Baƙon bai zauna ba.
Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin tebur,
can inda fitilar Barira ba ta taɓa haskawa ba,
ya laluba gaɓar da na haɗa babu ƙusa,
ya girgiza, ta ƙi motsi.
"Wa ya yi wannan?"

Na zaro hannun hagu.
Yatsa huɗu da rabi.
Rabin yana wurin zarto tun ina yaron shago.

Tebur shida ya biya, bai nemi ragi ba.

Da daddare na ce wa Barira, gobe hannu za ki ɗauka,
bar fuskar ta huta.
Ta ce hannu ba ya jan mutane.
Muka ɗauka duk da haka:
ba riga, ba sallama,
sai gizago na magana da itace.
Mutum ɗari huɗu kacal suka kalla.
Uku suka zo.

Har yau ba mu daidaita ba, ni da ita.
Talata tata ce, in sa riga, in zama Sarki.
Alhamis tawa.
Shi yana kiran mutane daga nesa, ban musa ba,
bakinsa ya fi nawa kaifi.
Amma in sun iso
ni suke tararwa,
da fensir a bayan kunne.