Baƙo a Gonar Riɗi

Ba ƙara ce ta sa na ɗaga kai ba,
shiru ne.
Injin ya yi tari sau biyu a saman Gagarawa,
sannan ya haɗiye muryarsa.

Farfela ta tsaya cak.
Na yar da lauje, Ilu ya ruga bayan kuka.

Jirgin ya shafi kan ɗorawa,
ya yi wa riɗina aski
kafin rairayi ya riƙe masa ƙafa.

Matuƙin ya fito, gwiwoyi na kaɗawa.
Na miƙa masa gora,
rabin ruwan a rigarsa ya ƙare.

Sai da hannunsa ya natsu na juya na ƙirga:
kunya goma sha ɗaya ya kwashe.
Ta sha biyun ce ta hana ni faɗa masa.