Mai Riƙon Fitila

Ni na riƙe masa fitila,
shekara tara, a kan rufin makaranta a Asawase,
fitilar da ya naɗe da jan ƙyalle
don kada haskenta ya kori taurari.

Misiye Lakwam sunansa.
Yaran Zango suka gajarta, suka ce Mushe,
shi kuwa yana amsawa har da ɗaga hula.
Ban taɓa fassara masa ba.

Ɗan mai gyaran agogo ne, in ji shi,
daga wani gari mai sanyi da tumaki.
Yana yaro ya ɓalle gilasan tabaran kakarsa,
ya liƙa su a bakin bututun kwali.
Ya sha duka, ya ga ramukan wata.
Ya ce bai yi asara ba.

Awon haske yake kamar mai awon gero.
Da ɗan gilashi mai kusurwa uku ya raba shi launi bakwai,
ya ce in ka iya karatun layukan
tauraro zai faɗa maka abin da yake ƙonawa.
A ƙasarsu sun ba shi kujera,
sannan sunan wani ya hau kan lissafinsa.
Ya ɗaure akwati uku, ya biyo jirgin ruwa.

Hadarin Kumasi ba ya jin roƙo.
Sai mu kwana goma muna jiran sama ta buɗe,
yana tauna goron da na koya masa, yana yamutsa fuska.
Na nuna masa Kaza da 'Ya'yanta.
Ya rubuta a gefen lissafi,
ya tambaye ni ina zakaran.

Daren da wata ya kamu
Zango ta fito da gwangwani da faranti.
Wata shida yana shirin wannan dare,
amma ya bar bututun, ya sauko,
ya karɓi murfin tukunya a hannun Iya Balaraba
ya buga har ya yi gumi.
Da wata ya kuɓuta ya ce, ka gani, mun yi aiki.

Sai idon ya fara. Hagu, sannan dama.
Ni ke leƙawa ina faɗin lamba,
shi yana zaune, ya juya wa sama baya.
Sake duba, Gariba,
wannan bakwai ɗin ƙarya take.
In sake dubawa, in tarar tara ce.

'Yar ƙanwarsa ta zo ta tafi da shi.
Takardar rasuwarsa ta yi wata biyar a hanya,
wata biyar ina aika masa gaisuwa.
Dama ya ce duk haske tsohon labari ne.

Yanzu tabarau nake gyarawa a Kejetiya,
sidi biyar, in na saba da kai huɗu.
Jan ƙyallen nan da shi nake goge gilashi.
Ya tsufa, ya fara barin zare,
masu ciniki na cewa in saya sabo.