Keken Tabawa

A kotun Ƙofar Kudu nake aiki,
ni ce mai biro, ba ni da ta cewa.
Ran Talata aka kira rabon gado:
gida ɗaya a Yakasai, babur, firji,
sai keken ɗinki baƙi, fentinsa duk ya koɗe.

Ƙanen mamaci ya ce a sa shi a lissafi.

Tabawa ta miƙe, kwananta tara da fita takaba,
ta kwance bakin zane.
Rasit ne, ya yi laushi kamar dafaffen zogale,
hatimin wani shago a Sabon Gari,
sunanta a sama.

"Allah gafarta Malam, adashi uku na kwasa na saye shi.
Rigunan makarantar rabin unguwa
ta ƙarƙashin allurar nan suka bi.
Shi kansa marigayi, Allah ji ƙansa,
in ya ranci kuɗin mai a wurina
biya yake, har da godiya."

Alƙali ya juya takardar, ya duba bayanta.
Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya.
Ya ce: abin da mace ta nema da guminta nata ne.
A cire keke, a raba saura,
tumuninta kuma yana nan.

Na rubuta.
Biro ya ɗan yi rawa a kan "nata".

Da yamma, a adaidaita, hanyar Gwammaja,
na rungume jakata
ina tuna kujerun da na saya bara
ban karɓi rasit ba.