Gwangwanin Kawu Labbo

A ɗakin Kawu Labbo, gabas da Tureta,
akwai gwangwanin madara da ba a taɓawa.
Ranar da ya yarda ya buɗe mini shi
na zaci kuɗi ne, ko laya.
Ashe dalma ce, guda goma sha tara,
kowace ta baje kamar kan turken da ya sha bugu,
wata da gashi maƙale a bakinta,
wata ta tsage, ta riƙe ɓarɓashin ƙashi.

Ya ɗauki guda ya aza a tafina.
"Wagga ƙarƙashin hwata na ishe ta,
can ɗaya gehen, ta gama aiki ta kwanta.
Bayan kahwaɗa ta shiga da tahin hannu guda,
ta karya haƙarƙari biyu, ta buɗe cikin huhu
yadda huren kabewa ka buɗewa da hantsi.
Taku bakwai barewa ta yi.
Na kai wuƙa da sauran lumhwashi."

Ni kuwa lokacin jinina na tafasa.
Na zo da harsashi daga birni, mai rigar tagulla,
tsininsa kamar basilla,
an ce yana huda ƙofar ƙarfe ya wuce.
Kawu ya juya shi a yatsa, ya mayar mini,
bai ce uffan ba.

Asubahin Laraba, bakin fadama,
raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa.
Ga ta nan gindin aduwa, kunne a tsaye,
tana tauna, tana shaƙar iska.
Na yi bisimilla, na danne numfashi, na ja kunama.
Na ji ƙara biyu, ta bindiga
da ta gawon da ke bayanta.
Ta yi tsalle ɗaya, ta kaɗa wutsiya,
ta shige sabara kamar ba ita aka nufa ba.

Jinin da ta bari bai fi ƙwayar dawa ba,
ɗigo nan, ɗigo bayan taku ashirin.
Muka bi shi a kan ganye, a kan tsakuwa,
muka yi azahar a gindin tsamiya,
la'asar ta same mu muna rarrafe.
Da rana ta faɗi sawun ya ɓace cikin na awaki.

Ungulaye suka nuna mana ita da safe.
Dila ya riga mu, ya buɗe cikin.
Rami a dama, rami a hagu,
ƙaramin yatsana ma da ƙyar ya shiga.
Abin da ya kwana a daji ba ka gan shi ba
ya fita hannunka, ba a kai shi tukunya.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya koma wurin gawo
ya yi ta ƙwaƙule da bakin wuƙa
har harsashin ya faɗo masa a hannu,
sumul, da tsininsa, kamar bai je ko'ina ba.
"Kai ma ka gani. Ya ratsa gida bai yi sallama ba.
Ƙarhin da za ya bari cikinta, icce ya ba."
Ya yi shiru, sannan ya ce,
"Nima na taɓa. Tawa laushi ta yi yawa,
ta tarwatse bisa ƙashin kahwaɗa ba ta shiga ba.
Kwana tara tana ɗingishi da tsutsa.
Wanccan ban samu abin sawa gwangwani ba."

Yau gwangwanin yana ƙarƙashin gadona.
Fadamar ta zama gonar albasa,
rabona da sawun barewa shekara shida.
In na girgiza shi, dalmar nan goma sha tara
amonsu a dushe yake, kamar tuwo ya faɗi ƙasa.
Na ashirin ɗin ne kaɗai ke ƙara.