Faranti Mai Siffar Ƙwai

A Duitama, bayan kasuwar dankali,
Evaristo ya kife kekena a kan sirdinsa
kamar akuyar da za a duba wa kofato.

Shekara goma sha tara ina taka da'ira.
Yau ya zaro faranti daga kwali,
dogo ta nan, matsattse ta can,
haƙora talatin da huɗu.
Na ce, "Mota ce ta taka shi?"
Bai yi dariya ba, akwai noti huɗu a bakinsa.

Da ya tofar da su a tafin hannu ya ce,
"Ƙafa ba injin niƙa ba ce.
Akwai inda take da iko,
akwai inda take suma,
can sama, in feda ta miƙe tsaye.
Ƙwan nan yana kumbura inda kake da ƙarfi,
ya tsuke inda ka gaza."

Tsohuwar sarƙa ta saki jiki,
ya auna, ya jefar.
Sabuwa ya rage mata gaɓa biyu,
ya shafa giris da ɗan yatsa,
ya karɓe kuɗin buhu uku.

Da asuba na kama hawan dutse.
Da fari kamar ɗingishi,
sannan gwiwata ta hagu, uwar ƙorafi,
ta yi tsit.

Ko na ƙara sauri, oho.
A kwana ta shida Nohemi mai kai madara
ta wuce ni da kekenta mai tsatsa,
jarka biyu a baya,
har da gaisuwa.