Zumar Magarya

Da dare ake ɗaukar amya.
Kowa a Shabwa ya san haka,
har yaron da bai fara azumi ba.
Sai rana ta faɗi ƙudan zuma ke komawa gida,
sai sun koma ake toshe ƙofa da tsumma,
a jera akwatuna a bayan akori-kura,
a bi furen magarya duk kwarin da ya buɗe.

Haka ubana ya yi a kan raƙumi.
Haka na yi har gwiwa ta ƙi ni.
Haka Mabkhut ya yi daren Talata,
shi da Awad ɗan ƙanwata,
da wani yaro, Yaslam, da ya roƙi a rage masa hanya,
zai kai wa kakarsa maganin hawan jini.

Akwati arba'in da biyu, dogaye, na katako.
An ce daga sama
sun yi kama da wani abu.

Kwana tara abin yana kuka a kanmu.
Ni da na tsufa cikin kukan zuma,
na san muryar mai neman fure,
na san ta wadda aka taɓa wa gida.
Wannan ba ta sauka shan ruwa,
ba ta barci,
ba ta mutuwa in ta yi harbi.

Ba mu je ba sai da gari ya waye.
Allah Ya yafe mana.
Muna hangen wutar daga kan soro,
amma an ce yakan jira masu kai ɗauki.
Na tsaya riƙe da fitila a kashe,
ɗana yana ci a bakin kwari.

Da safe yashi ya sha zuma har ya ƙoshi.
Kaki ya narke, ya daskare a kan duwatsu.
Ƙudajen da suka tsira
suna kewaya wurin da ƙofarsu take jiya.
Takalmin Yaslam, ƙafa ɗaya.
Ƙwayoyin maganin, farare, warwatse,
ko ɗaya bai ƙone ba.

Uwar Mabkhut ta daka ganyen magarya tun asuba,
ta tace, ta aiko a tulu.
Liman Ba Hakim ya dubi abin da muka tattaro a bargo,
ya dubi tulun,
ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce: likkafani ɗaya ya isa.

Sahun jana'iza mutum goma sha ɗaya,
a garin da masallaci ke cika har waje.
Ban ga laifin kowa ba.
Taro ma yanzu kama yake yi da wani abu.

Da yamma rediyo ta ce an kashe mayaƙa uku.
Ta wuce farashin mai.

An ce wanda ya danna yana can bayan teku,
a ɗaki mai sanyi, da shayinsa a gefe.
Wataƙila yana da ɗa.
Wataƙila matarsa na zuba masa zuma in mura ta kama shi.
Ba sunansa nake nema ba.
So nake ya san na Yaslam.

Jikata Nuwayra, shekararta shida,
ta ga na ɗaga hannu bayan Magariba,
ta janyo mini hannun riga:
"Kaka, sauke, zai gan ka."
Na ce, ai so nake Ya gan ni.
Ta ce, "Wanne?"

Ban iya amsawa ba sai da na yi kuka.

Bana magarya ta yi fure kamar ba ta ji labari ba.
Wani tsiron zuma ya sauka a tsohuwar amyar ubana,
ban kira su ba, ban kore su ba.
Zuma da zaƙi da harbi, haka muka gada.
Amma tulun nan yana bayan ƙofa har yau,
ruwan ya ƙafe, ganyen ya bushe a gindi,
uwarsa ta hana a wanke.