Mai Riƙe Igiya

Ni aka ba igiya.
Dubu biyu a wuni, da shayi,
in tsaya a fadamar Dadin Kowa
in jira kwando ya sauko daga sama.

Da asuba ko ganye bai motsa ba.
Iliya ya jiƙa yatsa da yawu, ya ɗaga,
ya ce yau iska ta makara.
Ya buɗe wuta, tantin ya kumbura
kamar cikin akuyar da ta yi ɓarna a rumbu,
suka tashi, shi da Kaltume mai awon madatsa
da ƙanenta da ya nace
sai ya ga gidansu daga bisa.

Hantsi bai yi ba gabas ta haɗe rai.
Shamuwa suka watse daga kan rimi,
fuskar ruwa ta yamutse.

Balan-balan ba birki, ba linzami.
Inda iska ta ce, nan ne masauki.

Ta zo a karkace, ta aske kan giginya.
Kwandon ya daki kunya, ya yi tsalle,
ya sake duka, ya kwanta,
iska ta ja shi kamar yaro da motar gwangwani
ta tsakiyar tumatirin Bappa Gidado.
Ja ko'ina.
Ban san wanne ne jini ba.

Na cafki igiya, ita ma ta cafke ni,
ruf da ciki, bakina cike da laka,
Iliya na ihu, ku durƙusa, ku riƙe!
har kututturen ɗorawa ya tare mu.

Shiru. Tukunyar gas kaɗai ke huci.

Kaltume, kafaɗa a goce, tana laluben tabarau.
Iliya ya tofar da haƙori.
Ƙafar yaron ta kalli inda ƙafa ba ta kallo,
bai yi kuka ba, ya ja hannun rigata:
akwai huji a kwanon ɗakin Inna,
a faɗa wa Baba kafin ruwa ya sauko.

Bappa ya iso da fartanya a kafaɗa.
Ya dubi gonar, ya daɗe.
Sannan ya cire ƙotar, ya yaga rigarsa,
ya ɗaure ƙafar.
Maganar kuɗi sai bayan kwana uku.

Tafina ya warke, amma zanensa ya goge,
ruwan alwala har yau yana min zafi a nan.
Jiya Iliya ya bugo, da sabon haƙori a muryarsa,
wai an ɗinke tantin.
Na ce bari in leƙa rimi tukuna.